Amsa ga ƙanwarmu kan jinin da Baba ke gani in ya zagaya

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya mai jiki? Kin ce Baba ya haura shekara 55, watanni ke nan yana ganin jini a bayan gida, ya sha maganin basir har ya gaji, yanzu likita ya rubuta masa koloskopi, wato gwajin leƙa hanji da kyamara, kina tambaya ko dole ne. Ku yi, kada ku tsaya shawara. Na yi jinyar yayana a kan ciwon babban hanji, abin da na gani zan faɗa miki.

Mu nan Damagaram duk jinin da ya fito ta ƙasa basir muke ce masa, in ya haɗu da majina da murɗar ciki mu ce atuni. Sau da yawa haka ɗin ne. Jinin basir ja ne jawur, yana biyo bayan kashi, atuni kuwa maganin da ya dace na kashe shi cikin kwanaki. Amma dattijo da jininsa ya ƙi tsayawa, yau zawo gobe taurin ciki, yana ramewa, an auna an ce jininsa ya yi ƙasa, ba a yanke masa hukuncin basir sai an leƙa ciki. Mutum na iya samun basir ɗin kuma da wani abu a sama, shi ne abin da ke yaudarar iyali.

Koloskopi siririn tiyo ne mai kyamara da ake turawa ta dubura a bi babban hanji har ƙarshensa. Maza na jin nauyinsa, yayana ma sai da kawunmu ya sa baki. Aikin wajen rabin awa ne, galibi ana ba da allurar da ke sa gyangyaɗi. Wahalar tana wurin wankin ciki: a rage ganye da wake tun kwanaki kafin ranar, a jajibiri a shanye ruwan maganin duka. In hanji bai wanku ba likita ba ya gani da kyau, sai a sake, kuɗi biyu ke nan.

Abin da ya sa nake matsa miki: yawancin sankarar babban hanji daga ƙaramin tsiro take farawa, wanda kan ɗauki wajen shekara 10 kafin ya rikiɗe. In likita ya gan shi, nan take yake cire shi ya aika a bincika. Wani dogon bincike da aka fitar a Amurka a 2012 ya nuna cire irin wannan tsiro ya rage mutuwa daga cutar da kusan rabi. A 2021 sun sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 saboda tana ƙaruwa ga masu ƙananan shekaru. Can, wanda aka gano tasa ba ta yaɗu ba, kusan 9 cikin 10 na wuce shekara 5 da rai.

Ku fara da babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, ku ji inda za su tura ku. In an ce Yamai, ku ɗaure. Kusan kilomita 900 ba wasa ba ne, amma can cibiyar yaƙi da sankara take, kuma tun 2021 ana gasa sankara da na'ura a cikinta. Ku tafi da duk takardun analiz da ordonas, har sunan jiƙon da ya sha. In yana shan aspirin ko maganin tsinka jini ko na suga, ku faɗa tun kafin a sa rana.

Yayana an yanke masa guntun hanji aka haɗa, ba a maƙala masa jakar bayan gida a jikin cikinsa ba, yana nan yana kasuwarsa. In sakamakon Baba ya nuna sankara ce, ku 'ya'yansa da ƙannensa ku ma ku nemi gwajin tun daga shekara 40. Allah ya ba Baba lafiya.