Kare ɗaya, gasa iri-iri: me ya sa Border Collie ke shiga ko'ina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon bidiyon gasar karnuka ta ƙasashen Turawa. Na lura da wani kare baƙi da fari, yau yana kora tumaki, gobe yana tsallake shingaye, jibi yana cafke faifai a sama. An ce mini sunansa Border Collie. Shin da gaske irin kare guda zai iya duk waɗannan? Kuma ta yaya ake tabbatarwa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Idonka bai yaudare ka ba, kuma sirrin yana cikin aikin farko da ka ambata, wato kiwo.

Asalin wannan kare tsaunukan kan iyakar Ingila da Sikotilan ne. Makiyayan wurin ba ruwansu da kyan gashi ko tsayin kunne. Wanda ya iya tumaki shi ake bari ya haihu. A Birtaniya an fara gasar karnukan kiwo a garin Bala na yankin Wales a 1873, aka kafa ƙungiyarsu, ISDS, a 1906. Akasarin Border Collie na yau jininsu yana komawa ga wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun makiyayi Adam Telfer.

Dubi abin da ake nema a gasar kiwo. Makiyayi yana tsaye wuri ɗaya, tumaki suna can nesa, yadi 400 ko fiye. Karen zai yi doguwar kewaya ya ɓullo ta bayansu ba tare da ya firgita su ba, ya kawo su a miƙe, ya ratsa da su ta ƙofofi, ya ware wasu daga garken, sannan ya shigar da su shinge. Yawancin umarnin da fito ake ba shi. Yana cikin gudu a yi masa fito ya kwanta nan take, a sake yi ya juya hagu. Ba ya aiki da haushi, sai dai ya duƙa ya kafa wa tumaki ido har su bi inda yake so. To karen da ya gaji gudu da birki da saurin juyawa, ga kunne a kan ubangidansa ko da yaushe, me ya rage masa a filin wasa?

Shi ya sa da aka fito da gasar tsallake-tsallake a bikin karnuka na Crufts a Ingila a 1978, inda kare ke haye shingaye, ya kutsa bututu, ya yi zilliya tsakanin sanduna 12, bai daɗe ba ya mamaye ta. Har ta kai a Birtaniya an ware wani rukuni mai suna ABC, wanda kowane babban kare zai shiga ban da Collie, don sauran su ma su ga kofi. Haka yake a tseren ɗauko ƙwallo na karnuka huɗu-huɗu, da gasar biyayya, da cafke faifai.

Ana yawan jingina wannan ga kaifin ƙwaƙwalwa, kuma yana da ita. Wata karya mai suna Chaser a Amurka ta haddace sunayen kayan wasa 1,022 a hannun Farfesa John Pilley. Amma ni a ganina son yin aiki da mutum ya fi ƙwaƙwalwar tasiri. Akwai karnuka masu wayo da yawa da ba su damu da abin da kake so ba.

Batun tabbatarwa kuwa, ba da baki ake yi ba. Kowace gasa tana da alƙalai da matakai, kare ya ci mataki a rubuta masa lamba a gaban sunansa. Ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, tana da lamba ta musamman, VCD, mai hawa huɗu, wadda ba a ba kare sai ya ci jarrabawa a fanni uku: biyayya, tsallake-tsallake da bin sawu da hanci. Na ukun ne wahala, domin a nan karen ne jagora, mutum yana biye da shi riƙe da doguwar igiya. Ka kuma lura, karen da ya yi aikin ake ba lambar, ba a ba jinsin. Duk mai sayar da kwikwiyo da ya ce maka "ai irinsu ne", tambaye shi abin da iyayen suka ci, da sakamakon gwajin ƙugu da na ido, domin ciwon ƙugu da na ido da farfaɗiya suna bin jinin wasu.

Ba ko'ina yake sarki ba. A gasar tsaro da kamu Malinois na Beljiyam da karen Jamus sun fi shi. A gudun miƙe ba zai kama ƙurar Greyhound ba, ko Azawakh na Abzinawan Nijar da Mali, wanda AKC ta karɓa a 2019.

In kana tunanin mallakarsa a Kaduna, yi lissafin zafi tukuna. Gashinsa biyu ne, na ƙasar sanyi, kuma ba ya sanin ya gaji, zai yi ta bin ƙwallo har ya faɗi. A watan Maris da Afrilu horo sai da asuba ko bayan magariba, ga ruwa a kusa. Kada a sa kwikwiyo tsalle mai tsayi kafin ƙashinsa ya yi ƙwari. A Birtaniya ba a barin kare ya shiga gasar tsallake sai ya kai wata 18. Kuma in ka ɗaure shi a tsakar gida ba aiki, shi zai nemo wa kansa: ya kora kaji, ya tara yara wuri ɗaya, ya bi babur a kan titi.