Kada samfefa ta taɓa sandar fatsar nan kafin ka san wanda ya ƙera ta

Malam, ka ce ka samu tsohuwar sandar fatsa ta gora a cikin kayan gwanjo, gida uku (wato guntaye uku da ake haɗawa), banish ɗinta ya tsattsage, tsinin ya karkace, zobe ɗaya cikin waɗanda igiyar fatsa ke bi babu, kana so ka goge ta da samfefa ka sake shafe ta. Don Allah dakata tukuna. Yawancin sandunan nan ba tsufa ke kashe su ba, gaggawar mai gyara ce.

Fara mirgina ta tsakanin yatsu. In ka ji kusurwa shida, to tsagaggiyar gora ce: an tsaga gorar, an fere tsage shida kowanne mai kusurwa uku, aka manne su da gam. Gorar da manyan masu ƙira suka fi so ita ce Tonkin, daga lardin Guangdong na ƙasar Sin. Duk ƙarfinta yana cikin jijiyoyin da ke dab da fatar waje, shi ya sa samfefa ke zama ɓarna: tana cin jijiyoyin, ta daddashe kusurwoyin, sandar ta rasa tsalle har abada.

Sai ka duba saman mariƙi cikin haske mai kyau. Kamfanin Hardy na garin Alnwick a Ingila, wanda aka kafa a 1872, da tawada yake rubuta sunan sanda a kewaye da gorar, sau da yawa da kalmar Palakona, kuma akwai lamba a ƙarfen gindi da ake gane shekarar ƙira da ita. Allcock na Redditch tambarin barewa ya riƙa liƙawa. In ka ga B. James & Son da sunan Richard Walker Mark IV, gida biyu, ƙafa 10, ka riƙe ta da kyau, ana nemanta. Montague da Horrocks-Ibbotson na Amurka sun yi su ne da yawa don masu ƙaramin ƙarfi, haka ma sandunan Japan na cikin akwatin katako da aka sayar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan ba su da tsada, amma su ne na koyon gyara. Jera gidajen a ƙasa kuma: a yawancin sanduna tsawonsu ɗaya ne, in tsinin ya gaza to ya taɓa karyewa, kuma darajar ta ragu. Ɗauki hoton komai, ka auna tazarar kowane zobe ka rubuta, kafin ka kwance ko zare ɗaya.

Abin da ya fi banish muhimmanci shi ne gam. Tsofaffin sanduna da gam na fatar dabba aka haɗa su, laima na narkar da shi, bushewar hunturu irin tamu kuma tana sa shi ya saki. Lanƙwasa kowane gida a hankali, kana juya shi fuska bayan fuska, kana saurare. In ka ji ƙas-ƙas ko ka ga layin haɗi ya buɗe baki, tsagen sun rabu. Buɗe wurin da allurai biyu ko uku, ka cusa gam mai jinkirin kamawa da siririn buroshi, ka cire alluran, ka naɗe da zaren auduga tamau, hawa ɗaya zuwa dama ɗaya zuwa hagu don kada ta murɗe. Mirgina ta a kan tebur ta miƙe tun gam bai kama ba, ka bar ta awa 24. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, yana bushewa kafin ya shiga ciki kuma yana karyewa in sanda ta lanƙwasa.

In ƙarar daga mahaɗin ƙarfe da ke haɗa gida da gida take fitowa, shi ne ya saki gora. Duba ko akwai ƙaramar ƙusa da ta ratsa shi, a fitar da ita tukuna, a ɗan gasa shi, a zare, a kankare tsohon gam a mayar. Wajen haɗawa da rabawa a ja a miƙe, ba a murɗawa. Goge namijin mahaɗin, wato ɓangaren da ke shiga cikin ɗaya, da sifirit kawai. In ka ci shi da samfefa zai yi sako-sako, gyaransa kuma sai sabon mahaɗi.

Karkacewar tsini zafi ke gyara ta. Ɗumama wurin da na'urar hura iska mai zafi, kana juyawa, har ya yi zafin da yatsa zai iya daurewa, ka tanƙwara shi ya ɗan wuce miƙe ta ɗaya ɓangaren, ka riƙe har ya huce. Gara a maimaita sau uku da a ƙona sau ɗaya, domin zafi mai yawa yana tafasa banish ya kuma saki gam.

Shi banish, in tsagewar sama-sama ce, wanke da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, ka shafa sabo siriri a kai, shi ke nan. In ya yi danƙo ko yana ɓarewa, kankare shi da bayan reza a tsaye, fuska ɗaya bayan ɗaya, ka tsallake wurin rubutu gaba ɗaya. Zoben da ya ɓata a nemo irinsa, a ɗaure da zaren siliki. Gwada launin a wani kara tukuna, don siliki yana duhu in ya sha banish. Banish na jirgin ruwa ake so saboda yana bin lanƙwasa. Hawa uku sirara, na farko a tsarma shi da tafentin, a bar kwana ɗaya zuwa biyu tsakani, a rataye a ɗaki marar ƙura. Mariƙin kuwa ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi.

Ajiyarta a rataye a jakar yadi, gidajen a rabe, nesa da rana da bayan mota. Turo hoton rubutun saman mariƙin da na ƙarfen gindi, mu ga ko za a gane wanda ya ƙera ta.