Tambayoyinku kan fasaha: sakin sabuwar sigar manhajar kwantena da rubuta bayaninta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na rubuta wata 'yar manhaja da yaren Go da ake bugawa a taminal, tana nuna kwantenonin Docker (keɓaɓɓun akwatunan da manhajoji ke aiki a ciki) da ke aiki, ta tsayar da wanda nake so, ta share waɗanda suka mutu. Abokaina sun fara amfani da ita, matsalar ita ce duk sanda na gyara wani abu sai na haɗa ta Windows daban, ta Linux daban, ta Mac daban, in ɗora su ɗaya bayan ɗaya da datata. Satin da ya wuce ma tsohuwa na ɗora a matsayin sabuwa. Dan Allah akwai mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah Ya ƙara basira. Mafita kam akwai, kuma gaskiya wannan aikin ba na mutum ba ne, na inji ne, duk wanda yake yin sa da hannu wata rana sai ya ɗora fayil ɗin da ba shi ba komai kulawarsa.

Tunda da Go ka rubuta ai ka huta, ka nemi GoReleaser, manhajar da ke haɗa manhajojin Go ta sake su. In ka buga `goreleaser init` zai samar maka da fayil mai suna `.goreleaser.yaml`, a ciki za ka lissafa linux da darwin (wato Mac) da windows, sannan nau'ukan firosesa amd64 da arm64. Kar ka tsallake arm64 ɗin nan fa, domin Mac ɗin da Apple ke yi tun daga M1 na 2020 a kansa suke, haka Raspberry Pi na yanzu da wasu ke mayarwa ƙaramar sabar a gida. Ka sa `CGO_ENABLED=0` don abin ya tashi a kowace Linux ba tare da ya nemi wani abu ba.

Sai ka haɗa shi da GitHub Actions, wato injinan GitHub da ke gudanar da aiki da kansu, wanda kyauta ne in ma'ajiyar kod ɗinka a buɗe take ga kowa. Ka rubuta fayil a `.github/workflows/release.yml` ka ce masa ya tashi duk sanda aka tura tag, wato alamar lambar siga da ake liƙa wa kod a Git, mai farawa da v. Daga nan aikinka layi biyu ne kawai, `git tag v0.3.0` sai `git push origin v0.3.0`, ka rufe kwamfutarka ko da an ɗauke wuta ko netwok ya tafi ba ruwanka, injinan GitHub ne za su haɗa, su naɗe, su ɗora, har da fayil ɗin lambobin tantancewa na sha256 da mutum zai duba ya tabbatar abin da ya sauke shi ne abin da ka saki. Datar da ka kashe bata wuce ta tura tag ɗin ba.

Wurare biyu ne kusan kowa ke tuntuɓe a karon farko. A matakin checkout ka sa `fetch-depth: 0`, in ba haka ba kwamit ɗaya tak za a jawo, GoReleaser ba zai ga tsofaffin tag ba balle ya rubuta jerin abubuwan da suka canza. Sannan ka ba shi `permissions: contents: write`, rashinsa ne ke sa ka ga komai ya tafi lafiya sai a ƙarshe ya faɗi da 403, kuskuren rashin izini. Kuma ina roƙonka ka sa `go test ./...` kafin matakin saki, manhajar da ke share kwantenonin mutane bai kamata ta fita ba a gwada ba. Kafin ka tura tag na gaske ka gwada a gida da `goreleaser release --snapshot --clean`, zai haɗa komai a cikin foldar dist ba tare da ya ɗora ko'ina ba.

Batun tsohuwa da sabuwa kuma, ka ajiye `var version = "dev"` a main, GoReleaser da kansa yake cusa lambar tag ɗin a ciki lokacin haɗawa, kai dai ka sa `--version` ya nuna ta.

Tambaya: Malam ina aiki da wata ƙaramar tawaga a Kaduna, muna da irin wannan manhajar a ofis. README ɗinmu, wato fayil ɗin bayanin manhajar, yana faɗin abu ɗaya manhajar tana yin wani, sabon ma'aikaci in ya bi bayanin sai ya rikice. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa wannan ya fi damuna a kan na farko, saboda bayanin ƙarya ya fi rashin bayani cutarwa, mutum ya amince da shi ya buga umarni a kan sabar da ake aiki da ita. Dalilin kuwa a fili yake, bayanin yana wuri ɗaya kod yana wani wuri, mai gyara kod da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba zai tuna da README ba.

In da Cobra kuka gina ta, wato kayan gina manhajar taminal na Go da umarnin docker kansa yake amfani da shi, to kowane umarni yana da gurbin Short da Long da Example. Ki cika su sosai musamman Example, mutane misali suke kwafa ba dogon sharhi suke karantawa ba. Daga nan `doc.GenMarkdownTree` zai fitar miki da shafi ga kowane umarni, `doc.GenManTree` kuma ya fitar da shafukan man (littafin umarni na taminal), duk daga rubutun da `--help` ke nunawa, kin ga babu yadda za a yi su saɓa. Ki ƙara mataki a Actions da zai sake fitar da shafukan ya buga `git diff --exit-code`, wanda ya ƙara zaɓi bai sabunta bayani ba aikinsa ba zai wuce ba. Sai dai ki kunna `DisableAutoGenTag`, domin Cobra yana liƙa kwanan wata a ƙasan kowane shafi, in kin bar shi kullum gari ya waye binciken zai faɗi ba laifin kowa.

README ki bar shi gajere ki rubuta da hannu, me manhajar take yi, yadda ake girka ta, misali ɗaya da ke aiki. Abubuwa biyu kuma dole su fito ɓaro-ɓaro. Na farko me take sharewa me take bari, ki duba `docker system prune`, sai ya lissafa abin da zai tafi ya nemi amincewa, kuma baya taɓa ma'ajiyar bayanan kwantena (volumes) sai an ƙara `--volumes`, ku kwaikwayi wannan. Na biyu izini, tunda ta `/var/run/docker.sock` take magana da Docker, ki faɗa wa mutane cewa shiga rukunin docker daidai yake da riƙe ikon root, wato cikakken iko, a injin, wallahi da yawa ba su san haka ba suke sa kowa a ciki.

Tambaya: Yaushe ake ƙara wace lamba a v1.4.2? Kuma in na saki siga mai matsala zan iya goge tag ɗin in sake turawa?

Amsa: Ta ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya in ka ƙara sabon abu bai karya tsohon ba, ta farko in abin da mutane suka saba bugawa zai daina aiki. A taminal karyewa ba sai ka cire umarni ba, ko yadda sakamako ke fitowa ka canza ka karya wa wani aikinsa. Lokacin da Docker Compose ya koma siga ta 2, aka bar `docker-compose` zuwa `docker compose`, sunayen kwantena suka koma da - maimakon _, kuma wannan ɗan layin kaɗai ya tsayar da rubutun sarrafa kai na masu kiran kwantena da suna, ga shi an daina sabunta siga ta 1 tun Yulin 2023, dole kowa ya gyara.

Goge tag kuwa kar ka yi. Wasu sun riga sun sauke, kuma sabar Go ta proxy.golang.org ta riga ta adana ta farkon, ta sum.golang.org kuma ta rubuta lambar tantancewarta, mai girkawa da `go install` ko dai ya samu mai matsalar ko ya ci karo da kuskuren rashin daidaito. Ka gyara ka saki v1.4.3, ka rubuta a bayanin v1.4.2 cewa kar a yi amfani da ita, in kana so ma ka ƙara layin `retract v1.4.2` a go.mod don Go da kansa ya riƙa tsallake ta.