Tambaya da Amsa: Zanen dawakin da ke tsallake shinge

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni dai a Amurka nake zaune da maigidana, satin da ya wuce muka shiga wani shagon tsofaffin kaya sai idona ya faɗa kan wani zane, dawakai uku da mahayansu sun zo kan wani shinge na ganye, ɗaya ya riga ya tashi sama, ɗaya kuma kamar zai kifa da mahayinsa. Wallahi kasa wucewa nayi sai da muka saya. Can ƙasa daga gefe an rubuta Fried Pál, mai shagon yace wai ɗan ƙasar Hangari ne. Don Allah waye shi, kuma wace irin sukuwa ce wannan da ake gitta ma doki shinge? Shi maigidan ma cewa yake ƙafafun dawakin basu yi kama da na gaske ba.
Daga wata mai karatu a Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma gaskiya naji daɗin tambayar nan.

Sunan da kika gani ba kuskure akayi ba, su mutanen Hangari da sunan dangi suke farawa sannan sunan yanka ya biyo, shi yasa yake sa hannu da Fried Pál amma a Amurka aka fi saninsa da Pal Fried. A Budapest aka haife shi a 1893, can ya fara koyon zane sannan ya wuce Paris ya ƙaro, kuma aikin su Degas da Renoir, shahararrun masu zanen ƙasar Faransa, ya shige shi sosai. Bayan yaƙin duniya na biyu ya tattara ya koma Amurka, ya zama ɗan ƙasa a 1953, ya rasu a New York a 1976. Yafi shahara da zanen mata da masu rawar bale (wata rawar Turawa da akeyi a kan yatsun ƙafa), amma ya zana dawakai da makiyayan yammacin Amurka da masu sukuwa shima. Kuma ba abin mamaki bane ɗan Hangari ya so doki, ai ƙasarsu ce ta fitar da goɗiyar nan Kincsem wadda aka haifa a 1874, tayi tsere 54 ta cinye duka 54 ɗin, har yau filin sukuwar Budapest sunanta yake amsawa.

Ita kuwa sukuwar, Turawa na ce mata steeplechase, kuma sunan daga hasumiyar coci ya samo asali. Labarin da aka fi sani shine a 1752 a yankin Cork na ƙasar Ailan wasu mutum biyu, O'Callaghan da Blake, suka yi gasa daga cocin Buttevant zuwa cocin Doneraile, tafiyar mil huɗu da ɗoriya, babu hanya babu fili, hasumiyar kawai kake hange ka nufe ta, duk abinda ya tare ka ko shingen gona ne ko rafi ko katanga sai dai doki ya tsallake. Daga baya aka mayar da abin cikin fili aka riƙa gina shingayen da gangan. Mafi girmanta yanzu itace Grand National da akeyi a Aintree kusa da Liverpool tun 1839, doki zaiyi tsalle sau 30 a tafiyar da ta kusa kilomita 7. Nan Amurka inda kike ma akwai Maryland Hunt Cup tun 1894, su kuma shingayensu na katako ne zalla, ba ganyen da doki zai iya gogawa ya wuce ba. Wasa ne mai haɗari fa, dawakai na karyewa mahaya na karyewa, kuma ni kaina abin yana taɓa min zuciya, shi yasa dokin nan da kika ce kamar zai kifa nake ganin shine ran zanen gaba ɗaya.

Toh sai maganar maigida. Ki gaya masa yana da ido, don wannan magana ta daɗe tana ba masu zane wahala. Idon mutum baya iya kama ƙafar doki yana cikin gudu, shi yasa masu zanen zamanin da can suke miƙe ƙafafun gaba gaba na baya baya, dokin ya zama kamar an shanya shi a iska. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya ɗauki doki yana gudu, hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da kofato huɗun duk basa ƙasa, amma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki ba a miƙe ba. Sai dai shi tsalle daban yake da gudu. Ku tsaya gaban zanen ku duba wanda ya tashi, ya kamata gwiwoyin gaba su naɗe har kusa da ƙirji, wuya ya miƙe, na baya suna tunkuɗa ƙasa. Mai sauka kuma da ƙafar gaba ɗaya yake fara dira, duk nauyin nan a kanta, mahayin ya ɗan ja baya ya saki linzami ya zame masa a hannu, ƙafarsa ta tokare likkafa. In kuma kin ga ƙafafun sun ɗan narke cikin fenti kamar ba a ƙarasa su ba, ba kasawa bace, mai zanen da ya sha ruwan su Degas saurin yake so ki ji a jikinki, ba ƙirga kofato ba.

Saura ko na asali ne. Fried yakan zana abu ɗaya sau da yawa da ɗan canjin kala, don haka in kinga irin naki a intanet kada hankalinki ya tashi. Ki haska masa tocilan daga gefe, in fentin mai ne zaki ga sawun burushi ya tashi yayi tudu tudu, in bugun inji ne sumul zaki ganshi, wani lokacin ma da gilashin ƙara girma zaki ga ɗige ɗige a jere. Ki juya bayansa ki duba ko akwai takarda ko tambarin shagon da ya fara saidawa, kada ki ɓalle ta. Maganar kuɗinsa kuwa ki kai ma masu kimanta zane su gani da idonsu. Kafin nan kada ki goge shi da ruwa ko sabulu don Allah, kuma ki rataye shi inda rana bata dukansa, nesa da kicin.