Ma'anar kayan da ke shagon maƙerin fari a zanen Petrus Christus

Malam, ka tambaya ko kayan da ke cikin wannan zane na 1449, wanda mai zane Petrus Christus ya yi na wani maƙerin fari a shagonsa tare da ango da amarya, ado ne kawai. A'a, kusan kowanne da maganarsa. Sikelin da maƙerin ke auna zoben aure kayan sana'a ne, amma mutanen Bruges, birnin da mai zanen ya zauna a ƙasar Beljiyam ta yau, na lokacin suna ganinsa su tuna awon ayyuka ranar hisabi. Ɗamarar da ke kan teburi ta amarya ce.

Madubin ya fi ɗaukar hankalina. Ya tsage, kuma a cikinsa ga maza biyu a titi, ɗaya riƙe da shaho, abin da masana da dama ke fassarawa da girman kai. Haƙoran kifin da ke rataye kuwa, an yi imani suna tona guba a abinci.