Dalilin da Ba Ma Sakin Ruwan Tarwada Kwata Kai Tsaye

Sani, ka tambaye ni me ya sa muke wahalar da kanmu da tankin duwatsu da wancan kududdufi mai kore, alhali wasu a nan Ikorodu buɗe bututu kawai suke yi ruwan ya bi kwata.

Abincin da muke watsa wa tarwada cike yake da furotin. Wanda jikinta bai riƙe ba yana fita ya zama amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ga kashinta, ga ragowar abincin da ya kwanta a ƙasa yana ruɓewa. In abin ya taru za ka ga kifi ya ƙi ci, ya taso sama ya yi cirko-cirko.

Shi ya sa muke fara bi da ruwan ta tankin duwatsu. Duwatsun nan gidan bakteriya ne, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani. Shafa ɗaya ka ji santsi, to su ke nan. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna juya amoniya ta koma naitirait. Shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska har jinin ya yi ruwan ƙasa. Wasu kuma su karɓa su mai da shi wani sinadari daban, naitiret, mai sauƙin illa. Kafin su kafu sai an yi mako 4 zuwa 6, kuma ba sa aiki sai da iska, shi ya sa da an ɗauke wuta nake cewa maza ka tada janareta. Don Allah kada sabulu ko ruwa mai kilorin ya taɓa duwatsun. Ɗauraye su da ruwan tankin kawai.

Daga nan sai ruwan ya wuce kududdufin, wurin gansakuka. Ita ke shanye naitiret da fosforas, waɗanda taki ne a wurinta, idan rana na dukanta, shi ya sa ba mu zurfafa kududdufin ba. Amma ka riƙe wannan da kyau, don nan mutane da yawa ke faɗuwa: abin da ta ci yana nan a jikinta. In ba ka kwashe ta ba, za ta mutu, ta ruɓe, ta mayar wa ruwan komai. Da dare ma iskar ruwan take zuƙewa. Kwasar ita ce tsaftacewar, ɗana.

Ka ga ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa jiragen ruwa hanya a tashar Ikorodu? Irin wannan takin da ke gangarawa tafkin Legas ne ke ƙara mata ƙarfi, masunta kuma su kasa jefa koma. Ba na son ruwanmu ya shiga cikin wannan alhaki.

Gobe da hantsi ka ɗauki rariya ka kwashe gansakukar saman, ka shanya, mu zuba wa alayyafo.