Ranakun wayar da kai da tarihin Indiya: shiri ne ko arashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina shirya wa ɗalibai allon "A rana irin ta yau". Na lura ranakun wayar da kai na duniya da dama suna faɗowa kan ranakun tarihin Indiya, kamar 2 ga Oktoba da 14 ga Nuwamba. Da gangan aka haɗa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasu da gangan ne, wasu kuma arashi aka yi, kuma kallon kalanda kaɗai ba zai raba miki su ba. Sai kin nemi dalilin da hukumar da ta ware ranar ta bayar.

Ta 2 ga Oktoba da gangan ce. A ranar aka haifi Mahatma Gandhi a garin Porbandar a 1869, kuma tana cikin ranakun hutun ƙasa uku na Indiya, tare da 26 ga Janairu da 15 ga Agusta. A watan Yunin 2007 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki wannan rana ya mayar da ita ranar gujewa tashin hankali ta duniya, saboda Gandhi ɗin. Amma Lal Bahadur Shastri, firaministan Indiya na biyu, shi ma 2 ga Oktoba aka haife shi, a 1904. Nasa arashi ne.

Ta 14 ga Nuwamba kuwa, me ya haɗa kifi da kaska? Indiya na bikin ranar yara saboda haihuwar Jawaharlal Nehru, firaministanta na farko, a 1889. Duniya kuma na ranar ciwon suga saboda haihuwar Frederick Banting, likitan Kanada da ya yi aikin gano insulin, maganin ciwon suga, tare da Charles Best a 1921. An haifi Banting a 1891, an fara ranar a 1991. Ranar yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya 20 ga Nuwamba ce. Abin dariya ma, 27 ga Mayu da ake ranar yara a Najeriya ita ce ranar da Nehru ya rasu a 1964, kuma nan ma ba wata alaƙa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne 30 ga Janairu, don abu uku ne suka cunkushe a cikinta. A ranar Nathuram Godse ya harbe Gandhi a Delhi a 1948, Indiya na tunawa da ita a matsayin ranar waɗanda suka ba da rayukansu don ƙasa. Indiya ta kuma sa ranarta ta yaƙi da kuturta a nan, saboda hidimar da Gandhi ya yi wa masu cutar. Wannan shiri ne, amma tsayar da ranar a kan 30 ga wata na Indiya ne ita kaɗai. Ranar kuturta ta duniya, wadda Bafaranshe Raoul Follereau ya kafa a 1954, Lahadin ƙarshe ta Janairu ce, don haka tana yawo: a 2022 ta faɗo 30 ga wata, a 2024 ta zo 28, a 2025 ta zo 26, ta hau kan ranar jamhuriyar Indiya. Wanda ya kwafi kalandar 2022 ya liƙa a bango zai yi ta kuskure kusan duk shekara bai sani ba. Na uku, ranar cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su ita ma 30 ga Janairu ce. Kuturta na cikin jerin cututtukan, shi ya sa mutane ke jingina ranar ga Gandhi, alhali tushenta sanarwar Landan ce kan yaƙi da waɗannan cututtuka, ta 30 ga Janairun 2012, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ranar a 2021.

Ki kuma kula da ranar malamai, tunda ta shafe ki. Ta Indiya 5 ga Satumba ce, haihuwar Sarvepalli Radhakrishnan, malamin da ya zama shugaban ƙasar Indiya na biyu, a 1888. Ta duniya 5 ga Oktoba ce, UNESCO ta fara ta a 1994. Shafukan intanet na Indiya kan rubuta "ranar malamai" kawai ba su ce ta ƙasa ba, masu kwafa sai su ɗauka ta duniya ce. A 5 ga Satumban dai akwai wata ranar duniya ta daban, wato ranar taimakon mabuƙata, wadda aka ɗora kan rasuwar Mother Teresa, wadda ta yi suna wajen hidimar talakawa, a Kolkata a 1997.

Kafin ki hau allo da kowace rana, ki rubuta abu huɗu a gefenta: wa ya ware ta, a wace shekara, don me ya zaɓi wannan kwanan wata, sannan tsayayya ce ko mai yawo. Kalmar "saboda" kada ta shiga tsakanin abu biyu sai takardar hukumar ta faɗi haka. In ba ta faɗa ba, ki raba musu layi, ki rubuta "a wannan rana kuma".